An ce ni zan riƙe amanar dukiya, amma takardar ta ɓata: tambayoyi da amsoshi kan dokar Amurka

Tambayoyin nan daga iyalan da wani nasu ya rasu ko ya kwanta rashin lafiya a Amurka suke fitowa. Ya zuba gidansa da asusunsa cikin amanar dukiya, ya ce wane ne zai riƙe bayansa, sai aka nemi takardar sama ko ƙasa aka rasa. Kowace jiha a can tana da tata dokar amana. Jihohi sama da 30, irin su Ohayo, Fulorida, Bajiniya da Merilan, sun ɗauki kundin bai ɗaya na shekarar 2000 mai suna Uniform Trust Code, wanda za mu riƙa kira kundin bai ɗaya. Niyu Yok da Kalifoniya kowacce tata take bi. Don haka kafin ka sa hannu a ko'ina, ka zauna da lauyan gado na jihar da mai dukiyar yake zaune.

1. Wace iri ce wannan amana, kuma mene ne aikina a ciki?

Mutum ne tun yana raye yake rubuta takarda ya kafa amana, ya mayar da sunan gidansa da asusun bankinsa zuwa sunanta, kuma galibi shi ne mai riƙon farko. Yana da ikon gyarawa ko sokewa duk ranar da ya so. A cikin takardar yake ambata wanda zai karɓi riƙo idan ya rasu ko hankalinsa ya gushe, da waɗanda za a ba dukiyar, da kason kowa. Abin da ke jawo mutane gare ta shi ne dukiyar da ke ciki ba ta bi ta kotun gado, inda ake ɓata watanni da kuɗi masu yawa.

Kai da aka ambata, dukiyar ba taka ba ce. Aikinka ka tattara, ka tsare, ka biya bashi da haraji, sannan ka raba yadda takardar ta ce. Matsalar ke nan: ikonka da umarnin da za ka bi duk a cikin takardar da ta ɓata suke.

2. Ɓacewar takardar ta rushe amanar ke nan?

A'a. Takarda shaida ce, kuma amanar tana nan muddin an kafa ta bisa ƙa'ida kuma mai ita bai soke ba. Idan takardar mallakar gida tana ɗauke da sunan amanar, gidan yana cikinta har yanzu, ko da gobara ta cinye fayil ɗin.

Mutane kan rikita wannan da hukuncin wasiyya. A yawancin jihohi, idan asalin wasiyya yana hannun mamaci aka neme shi aka rasa, kotu takan fara da zaton shi ya yaga da niyyar sokewa, sai mai cewa ba haka ba ya kawo hujja. Ba a tsananta wa amana haka. A sashe na 602 na kundin bai ɗaya, sokewa tana tabbata ne idan an bi hanyar da takardar ta shimfiɗa, ko kuma, idan takardar ba ta ce hanyarta kaɗai za a bi ba, aka kawo hujja bayyananniya mai gamsarwa cewa mai ita ya yi nufin sokewa. Wanda ya bar gidansa da asusunsa da sunan amana har ranar rasuwarsa, da wuya a yarda cewa ya soke ta.

3. Akwai fotokwafi mai sa hannun Baba. Ya wadatar?

Galibi ya wadatar, kuma wanda ke da shi ya tsallake mafi yawan wahalar da ke wannan shafi. Ba a kai takardar amana kotu don a tabbatar da ita kamar wasiyya, kuma bankuna da kamfanonin hannun jari kwafi suka saba karɓa. Ka ƙirga shafukan ka ga babu wanda ya tsallake, ka duba shafin sa hannu da hatimin notari, wato jami'in da hukuma ta ba izinin shaida sa hannu, ka duba jerin kadarorin da ake liƙawa a ƙarshe.

Abin da ya fi ɓacewar asali haɗari shi ne gyaran da aka yi daga baya ba ka sani ba. Mutum kan kafa amana yana da shekara 50, ya ƙara aure ko ya ɓata da ɗan uwa, ya koma wurin lauya ya sauya mai riƙo ko kason wani. Idan ka raba bisa tsohon kwafi, daga baya gyaran ya ɓullo, kai za a tuhuma. Saboda haka ko da kwafi a hannunka, ka yi binciken da ke tambaya ta 4. Idan kuma abin da ke hannunka sabon rubutu ne da ya maye gurbin tsohon gaba ɗaya, ɓacewar na farkon ba ta da wani nauyi sosai.

4. Ina zan fara nema?

Amana ba ta da rajista ta ƙasa, kuma a yawancin jihohi babu ofishin da ake ajiye ta. Amma takan bar sawu, domin duk inda aka sa kadara da sunanta sai an nuna wani abu. Ka fara da ofishin rajistar filaye na gundumar da gidan yake. Takardar mallaka a buɗe take ga kowa, a gundumomi da yawa ma ana ganinta ta intanet. Za ta ba ka cikakken sunan amanar da ranar da aka kafa ta, kuma sau da yawa a samanta akwai sunan ofishin lauyan da ya shirya ta. Wannan ɗan layin shi ya fi fitar da mutane daga duhu. Wani lokaci ma an yi rajistar taƙaitaccen bayanin amanar tare da ita.

Daga nan sai lauyan, wanda galibi yana da kwafi mai sa hannu ko a kwamfuta. Sai banki da kamfanin hannun jari, don ba su buɗe asusu da sunan amana sai sun karɓi kwafi ko gajeriyar takardar shaidar amana (tambaya ta 8). Idan mamacin ya taɓa sabunta bashin gida, kamfanin da ya ba da bashin da kamfanin inshorar mallaka, mai ba da inshora kan ingancin mallakar gida, sun nemi kwafi a lokacin, kuma su mutane ne masu adana fayil. Kada ka manta da akawun da ke cike masa takardun haraji, da kamfanin inshorar rai idan amanar ce aka rubuta a matsayin mai karɓa. Idan ta intanet ya shirya ta a wani kamfani irin LegalZoom, rasidi yana cikin imel ɗinsa.

Cikin gida kuwa, a nemi wasiyyar da aka saba rubutawa rana ɗaya da amanar, wadda ke cewa duk abin da ya rage a waje a zuba cikinta. Ita ma tana ɗauke da suna da kwanan wata da shaidu. A tambayi matarsa, da aminin da suke zuwa masallaci tare, da limamin da ya nemi shawararsa kan rabo. A duba akwatin da ya tafi da shi gida zuwansa na ƙarshe. Dattawanmu suna da al'adar kai muhimman takardu gida su ba ƙane ajiya, suna ganin can ya fi aminci. Duk wanda ka tuntuɓa ka rubuta sunansa da rana da amsarsa, ka nemi amsar a rubuce. Idan magana ta kai kotu (tambaya ta 9), wannan jerin ne shaidar cewa ka nema da gaske.

5. Lauyan da ya rubuta ta ya rasu, ofishin ma an rufe.

Fayilolin lauya ba su cika bin sa kabari ba. Ka tuntuɓi ƙungiyar lauyoyin jihar ko ta gundumar, su gaya maka wanda ya karɓi fayilolinsa, domin idan lauya ya rasu ko aka dakatar da shi akan naɗa wanda zai kula da takardun mutanensa. Notarin da ya buga hatimi shi ma shaida ne. A Kalifoniya dole notari ya riƙe littafin da yake rubuta duk sa hannun da ya shaida, kuma idan ya bar aiki ko ya rasu ana miƙa littafin ga magatakardar gunduma. Littafin ba zai faɗi abin da ke cikin amanar ba, amma zai tabbatar da cewa an sa hannu, da ranar da aka sa.

6. Muna zaton tana cikin akwatin ajiya na banki, amma sun hana mu buɗewa.

Haka suke yi, kuma doka ta tanadi hanya. A Kalifoniya wanda ke da mabuɗi zai je da takardar shaidar rasuwa da katin shaidarsa, a buɗe a gaban ma'aikacin banki don neman wasiyya da takardar amana kawai. A Niyu Yok kotun gado ce ke ba da umarnin buɗewa, kuma buƙata ce ƙarama. Zinare ko kuɗin da aka gani a ciki ba a ɗauka a wannan buɗewar.

7. Kafin a samu takardar, me zan iya yi, me kuma ba zan taɓa ba?

Tsarewa halal ce, rabawa ba yanzu ba. Ka kulle gida, ka tabbatar inshorarsa ba ta yanke ba, ka sanar da kamfanin inshorar idan babu kowa a ciki, ka ci gaba da biyan bashin gida da harajinsa don kada a yi gwanjonsa. Ka karɓo takardar shaidar rasuwa kwafi da yawa masu hatimi. Ka sa a ƙiyasta darajar gidan a ranar rasuwa, don da ita za a lissafa haraji ranar da aka sayar. Sashe na 701 na kundin bai ɗaya ya yarda wanda aka ambata ya tsare dukiya ko da bai karɓi riƙon ba tukuna, muddin in zai ƙi ya sanar cikin lokaci.

Kada ka cire kuɗi da katin mamaci ko lambarsa ta sirri, ko da don hidimar jana'iza ne. Kada ka zuba kuɗin amana a asusunka. Kada ka ba kowa mota ko kaso saboda "Baba ya faɗa mini". Za a matsa maka, musamman bayan sadakar arba'in, a ce jinkirta rabon gado ba kyau. Gaskiya ne, amma mai riƙon da ya raba ba daidai ba daga aljihunsa yake biya, kuma kuɗin da aka aika gida aka yi gini da shi ba ya dawowa. Abin da ka kashe daga aljihunka ka ajiye rasidi (tambaya ta 15).

8. Banki ya ce sai na kawo cikakkiyar takarda. Dole ne?

Ba dole ba ne a yawancin jihohi. Akwai gajeriyar takardar shaidar amana, shafi biyu ko uku, wadda mai riƙo ke sa wa hannu. Tana faɗin sunan amanar, ranar kafa ta, wanda ya kafa, mai riƙo na yanzu da ikonsa, ba tare da tona kason kowa ba. Sashe na 1013 na kundin bai ɗaya da sashe na 18100.5 na dokar gadon Kalifoniya duk sun tanade ta. Banki na da damar neman shafukan da suka naɗa ka da waɗanda suka ba ka iko, amma wanda ya nace sai an ba shi duka ba da kyakkyawar niyya ba, ana iya cin sa diyya.

Sai dai wannan hanya ta mai kwafi ce. Wanda bai taɓa ganin takardar ba kada ya sa hannu yana shaida abin da ke cikinta. Wasu kan ɗauki wannan a matsayin dabara ta kauce wa kotu, alhali shaidar zur ce da sa hannunka a ƙasa.

9. Abin da muka samu kwafi ne marar sa hannu da wasu shafuka daga banki. Yaya za a yi?

Nan ne kotu take shigowa. Lauya zai shigar da buƙata a kotun gado cewa a tabbatar amanar tana nan, a tabbatar da sharuɗɗanta, a kuma tabbatar da kai a matsayin mai riƙo. A Kalifoniya ƙarƙashin sashe na 17200 ake yi. Ana sanar da duk mai rabo, har da magadan da za su ci gado in da babu amanar, don kowa ya zo ya faɗi tasa.

Abu biyu alƙali ke son gani, kuma kada a haɗa su. Na farko, an sa hannu kuwa? Littafin notari, takardar mallakar gida, wasiyyar da ta ambaci amanar da tsohuwar takardar shaida a banki duk suna amsa wannan. Na biyu, me takardar ta ce? Wannan ya fi wuya. Kwafin da ke kwamfutar lauya, tare da rantsuwarsa cewa shi ne wanda aka sa wa hannu ba a sauya komai ba, hujja ce mai ƙarfi. Bayanan da ya rubuta ranar ganawa da wasiƙar da ya aika yana taƙaita sharuɗɗan suna taimakawa. Maganar ɗan da zai ci kaso mafi tsoka ita ce mafi rauni, ko da gaskiya yake faɗa. Ma'aunin da aka fi nema shi ne hujja bayyananniya mai gamsarwa, wadda ta fi ta shari'ar kuɗi ta yau da kullum nauyi.

Wasu kan tambaya ko shaidar baki kaɗai za ta yi. Sashe na 407 na kundin bai ɗaya ya yarda da amanar baka idan hujja ta kai wancan ma'auni, amma gida da fili sai da rubutu a kusan ko'ina, kuma Niyu Yok ta wajabta rubutu da notari ko shaidu biyu ga irin wannan amana. A lura, takardar da aka rubuta ta ɓata daban take da wadda ba a taɓa rubutawa ba: ta farkon ana iya tabbatar da abin da ta ƙunsa ta wasu hujjoji.

10. Idan an yi duk wannan ba a gano sharuɗɗan ba fa?

To amanar ta faɗi, ba don ba a kafa ta ba sai don babu wanda ya san wa za a ba. Dukiyar sai ta koma cikin gadon mamaci, ta bi ta kotun gadon da ya guje wa. Idan akwai wasiyya a karanta ta da kyau, don wasu lauyoyi kan sa sharaɗin abin da za a yi idan amanar ta gaza. Idan babu, dokar jiha ce za ta raba. Tsadar ba wasa ba ce: a Kalifoniya ladan lauya kashi 4 cikin ɗari ne na dala 100,000 na farko, kashi 3 na 100,000 na biyu, kashi 2 na 800,000 da ke biye. Gidan dala 500,000 da ya bi cikakkiyar hanyar kotun gado zai ci 13,000, mai kula da gadon ma yana da hakkin kwatankwacin haka, kuma ba a cire bashin da ke kan gidan kafin lissafi.

11. Maigidana ya kafa ta ne don a raba bisa shari'ar Musulunci. Kotu za ta bi wannan?

Idan an tabbatar da takardar kuma ta fayyace rabon, mai riƙo zai bi. Idan ba a tabbatar ba, alƙali ba zai raba bisa ilimin gado don an ce mamacin Musulmi ne ba. A Niyu Yok, wanda ya bar mata da 'ya'ya ba wasiyya, matar tana ɗaukar dala 50,000 da rabin abin da ya rage, 'ya'ya su raba sauran daidai, mace da namiji. Iyayensa ba su da komai, alhali a shari'a kowannensu yana da sudusi. Idan akwai abokiyar zamanki a gida wadda dokar can ba ta san da aurenta ba, ita ba ta da kason mata, ko da yake 'ya'yanta magada ne idan an tabbatar nasa ne.

Shi ya sa ga iyali irin naku neman takardar ya wuce maganar tsimin kuɗin kotu. Ki nemi limamin ko malamin da ya taimaka wajen lissafin, wataƙila yana da kwafin jadawalin rabon. Idan duk ta ƙi, ki duba tambaya ta 12.

12. Dukanmu mun yarda da abin da Baba yake so. Sai mun je kotu?

Yardar tana da amfani ƙwarai. Sashe na 111 na kundin bai ɗaya ya ba masu ruwa da tsaki damar yin yarjejeniya a rubuce ba tare da kotu ba, kuma sashe na 704 ya ce idan babu wanda takarda ta naɗa, masu rabo za su iya naɗa mai riƙo idan bakinsu ya zo ɗaya. Ko dokar jiha ce ta raba, manya masu hankali suna iya sake rabawa tsakaninsu bisa shari'a, sai dai a tambayi akawu, don abin da wani ya bar wa wani yana iya zama kyauta a idon hukumar haraji.

Iyakar ita ce "dukanmu" ta zama duka da gaske. Yaro ƙarami ba ya yafe hakkinsa, kuma uwarsa ba za ta yafe masa kai tsaye ba, musamman idan ita ma tana da kaso. Ɗan da ke Kumasi ko Zinder wanda ba a kira ba zai iya rushe komai. Idan kuma akwai gidan da za a sayar, kamfanin inshorar mallaka kan nemi umarnin kotu duk da yarjejeniyar.

13. Mahaifiyata tana raye, mantuwa ce ta kama ta. Hukuncin ɗaya ne?

Idan har yanzu tana gane dukiyarta da 'ya'yanta da abin da take sa wa hannu, a kai ta wurin lauya cikin makon nan ta sake rubuta amanar gaba ɗaya da tsohon suna da tsohuwar rana. Ba sai an sauya sunan gida ko asusu ba, kuma matsalar ta ƙare. A samu takardar likita ta lokacin, kuma masu rabo su fita daga ɗakin.

Idan hankalin ya riga ya gushe, sharaɗin da zai ba ka damar karɓar riƙo, kamar takardar likita ɗaya ko biyu, yana cikin takardar da ta ɓata. Wakilcin da ta ba ka a rubuce ba ya ba ka ikon gyara amana sai an faɗi haka ƙarara a ciki. Hanyar ita ce ta tambaya ta 9.

14. Akwai wa'adin da ke tafiya ko da ba a ga takardar ba?

Akwai. A kundin bai ɗaya da Kalifoniya, mai riƙo yana da kwana 60 ya sanar da masu rabo. A Kalifoniya wannan sanarwa ce ke buɗe kwana 120 na masu son ƙalubalantar amanar. Masu rabo suna da hakkin neman kwafi, don haka ka gaya musu gaskiya a rubuce cewa ana nema. Ɓoyewa ce ke haifar da zargi, ba ɓacewar ba.

Ta fuskar haraji, lambar harajin mamaci ta daina aiki ga amanar daga ranar rasuwa. Da zarar riƙonka ya tabbata sai ka nemi sabuwar lamba, EIN, daga IRS, hukumar harajin Amurka, kuma kyauta ce. Akwai takardar harajin mamaci ta shekarar ƙarshe, da fom 1041, takardar harajin amana, idan amanar ta samu kuɗin shiga dala 600 ko fiye a shekara. Harajin gado na tarayya sai dukiyar da ta haura dala miliyan 13.99 ga wanda ya rasu a 2025, amma wasu jihohi, har da Niyu Yok, suna da nasu mai ƙasa da haka.

15. Wa zai biya lauya? Kuma idan muna zargin wani ne ya ɓoye ta?

Kuɗin da aka kashe bisa dacewa don tabbatar da amanar daga dukiyarta ake biya, sai dai wataƙila ka fara biya a mayar maka bayan kotu ta tabbatar da kai. Idan takardar ba ta faɗi ladanka ba, doka ta ba ka lada gwargwadon aiki.

Zargi kuwa, kada a yi shi a zauren WhatsApp na dangi. Lauya ya rubuta wa mutumin ya nemi takardar. Idan ya ƙi, kotu na iya tilasta shi ya kawo ko ya amsa tambayoyi bisa rantsuwa, haka ma bankin da ya ƙi sakin fayil.

16. Ni aka ambata, amma a Kano nake zaune. Zan iya riƙewa daga nan? Gidajensa na gida fa?

Ka yi shawara da lauyan haraji kafin ka karɓa. A dokar harajin Amurka, idan wanda ba ɗan ƙasar ba kuma ba mazauninta ba ne ke yanke manyan hukunce-hukuncen amana, takan koma amanar ƙasar waje, da ƙarin fom da tara mai nauyi ga wanda ya yi sakaci. Idan rasuwa ce ta jawo sauyin, akwai wata 12 na gyarawa, misali a naɗa mazaunin can. Bankuna da yawa ma ba sa buɗe asusu ga mai riƙon da ke waje. Kana da damar ƙin karɓa, sai na bayanka a jeri ya hau, ko masu rabo su naɗa wani kamar yadda ke tambaya ta 12.

Gida da fili kuwa dokar inda suke suke bi. Gidan da ke Kano da sunan mamacin a takardar mallaka bai shiga amanar Amurka ba sai in an mayar da shi sunanta a nan, kuma kotun shari'a ko dangi ne za su raba shi. A ajiye lissafin biyu daban, amma a sanar da wanda zai raba gadon gida abin da ke can da bashin da ake bin mamacin, don kada a raba a nan alhali akwai bashi a can.